Danƙo Mai Isar da Lantarki: Batirin Lithiyam da Aikin da ke Jiran Masana Hausa

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, manomin rani a ƙasar Auyo ya shiga sabon lissafi. Ruwan da ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa yana nan yana bin kogin Haɗeja, yana shiga magudanan Shirin Noman Rani na Kwarin Haɗeja ta wajejen Gamsarka da Ayama. Amma wanda gonarsa ke bayan magudanan gwamnati ba ya samun ruwa sai da inji, inji kuma ba ya tashi sai da mai. Da man ya gagara, sai idanu suka koma kan hasken rana. Galibin famfunan sola ba su buƙatar batir, domin da rana suke aiki, rana na faɗuwa su tsaya. Duk da haka faifan sola ya shigo da batir garin ta wata ƙofar: fitilar ɗaki, rumfar cajin waya, firjin mai sayar da ruwan sanyi, da ita kanta wayar da manomi ke tambayar farashin shinkafa da ita a kasuwar Haɗeja.

Harshen Hausa bai yi jinkirin karɓar baƙin ba. Sola, batir, caji, inbata, lithiyam, duk sun zauna a bakin jama'a ba tare da wani kwamiti ya zauna a kansu ba. Sai dai idan aka lura, dukkansu sunayen bayan abu ne. Da an buɗe akwatin an shiga ciki, sai magana ta ƙare. Mai saye ba shi da abin da zai auna batir da shi in ban da kalmomi biyu, orijina da jabu, mai sayarwa kuma ba shi da abin da zai ƙara masa sai rantsuwa. Wannan giɓi ne da ya shafi masana Hausa kai tsaye, kuma akwai wani ɗan ƙaramin sinadari a cikin batirin lithiyam da ya isa ya nuna yadda ya kamata a cike shi.

Idan aka warware batirin lithiyam, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, ba za a tarar da sanda baƙa irin ta batirin rediyo ba. Fallaye ne sirara aka naɗe ko aka jera, ɗaya na tagulla, ɗaya na alminiyam, kowanne an shafe shi da wani baƙin kwaɓi da ya bushe. Kwaɓin nan abu uku ne. Akwai garin da ke karɓar lithiyam yana ajiyewa, wanda a fallen tagulla yawanci girafait ne. Akwai ɗan garin kabon mai laushi kamar kunkunniya, wanda aikinsa shi ne ba lantarki hanya tsakanin ƙwayoyin garin. Na ukun shi ne abin da ke riƙe su duka, ya manne su da juna, ya kuma manne su a jikin falle. Bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin ɗari na nauyin kwaɓin ba, amma in babu shi komai zuba zai yi.

Duk wanda ya taɓa zama a tsangaya ya san wannan haɗi, ko da bai taɓa ganin cikin batir ba. Tawadar allo gawayi ce ko baƙin tukunya, da ruwa, da ƙaro. Gardin da ya dafa tawada babu ƙaro zai yi rubutu ya fito, amma da ya bushe hannu na shafa shi zai kakkaɓe. Wanda kuma ya cika ƙaro, tawadarsa za ta yi kauri ta ƙi bin alƙalami, in ta bushe ta tsattsage ta ɓamɓare. Gwaninta tana wajen sanin gwargwado. Abin da injiniya ke yi a masana'antar batir ke nan: ya kwaɓa baƙin gari da abin riƙo a cikin ruwa ko wani sinadari, ya shafa a kan shimfiɗa, ya busar. Kamar da ke tsakanin aikin biyu ta zahiri ce, har ma masu aikin a wasu ɗakunan bincike tawada suke kiran kwaɓin a harsunansu. Ƙasar Haɗeja, wadda ta yi suna wajen alarammomi da marubuta Alƙur'ani, ta ɗauki ƙarnoni tana sarrafa wannan ilimi da hannu.

Abin riƙon da aka fi amfani da shi a masana'antu tun farko shi ne wata folima da ake taƙaita sunanta da PVDF. Folima dai doguwar sarƙa ce ta ƙwayoyin sinadari iri ɗaya da ke maimaita kansu, kamar 'ya'yan carbi a zare. Roba folima ce, leda folima ce, haka auduga da sitaci da shi kansa ƙaro. PVDF tana da juriya, amma tana da aibu biyu. Ba ta narkewa a ruwa, sai a wani sinadari mai guba kuma mai tsada da ake kira NMP, wanda dole masana'anta ta tara tururinsa ta mayar. Na biyu, lantarki ba ya ratsa ta. Duk inda ta lulluɓe ƙwayar gari, ta tare hanya ke nan, shi ya sa ake ƙara garin kabon domin ya buɗe. Wato dai an zuba abu biyu da ba su ajiye wuta, ɗaya don riƙo, ɗaya don gyara ɓarnar na farkon. A 2023 ma ƙasashe biyar na Turai, Jamus da Holan da Denmak da Nowe da Suwidin, sun gabatar da buƙatar a taƙaita amfani da dangin sinadaran da PVDF ke cikinsu, saboda ba su ruɓewa a ƙasa ko a ruwa.

Da girafait kaɗai ake aiki, da an ci gaba da haƙuri da wannan tsari. Matsalar ta taso ne da aka juya ga silikon. Giram ɗaya na silikon yana iya ɗaukar lithiyam kusan ninki goma na abin da giram ɗaya na girafait ke ɗauka, shi ya sa masu ƙera wayoyi da motoci suka ƙwallafa rai a kansa, har wasu sababbin wayoyin ƙasar Sin sun fara fitowa da batir mai ɗan gaurayen silikon. Amma idan silikon ya sha lithiyam yakan buɗe, girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 300 cikin ɗari, alhali girafait bai wuce kashi 10 ba. In aka yi amfani da cajin sai ya sake tsukewa. Manomin fadama ya san wannan hali a jikin laka, wadda ke cika ta haɗe da damina, ta dare da rani har ƙafa ta faɗa. Kwaɓin da ke buɗewa yana tsukewa kullum haka yake darewa. Garin kabon da ke tsakani ya rabu da ƙwayar silikon, hanya ta yanke. Ƙwayar tana nan, lithiyam ɗinta na iya kasancewa a ciki, amma ta zama kamar fangalin da kachala ta toshe magudanar da ke kai masa ruwa: ƙasarsa lafiya lau, sai dai babu abin da zai tsiro. Idan irin waɗannan fangula suka yi yawa, shi ne mai waya zai ce batirinsa ba ya riƙe caji.

Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a haɗe aikin biyu a abu ɗaya, a samo abin riƙon da shi da kansa lantarki ke bi ta jikinsa, yadda ko ƙwaya ta buɗe ko ta tsuke, hanya na manne da ita. Ga Bahaushe wannan magana ce mai kama da tatsuniya, domin kowa ya ga mai gyaran wuta yana naɗe waya da roba don kada ta ja mutum. Haka ta kasance ga masana ma, har zuwa 1977 lokacin da Hideki Shirakawa da Alan MacDiarmid da Alan Heeger suka nuna cewa akwai folimar da in aka yi mata wani gauraye takan isar da lantarki, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2000. A 2011 ayarin Gao Liu a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Amurka ya bayyana irin wannan folima da aka ƙera musamman don ta riƙe silikon ba tare da an ƙara garin kabon ba. Tun daga nan bincike ya yawaita, ko da yake har yanzu tsada da wahalar sarrafawa sun sa tsohon tsari ne ke cike da kasuwa.

To, me za a kira wannan abu da Hausa?

Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe ƙamus na Ingilishi da Hausa a ɗauko abin da ke gaban kalmar, sai a sami maɗauri. Kalma ce ingantacciya ta fuskar ƙira, ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i na sunan kayan aiki, amma hoton da take kawowa kuskure ne. Maɗauri daga waje yake zagaye abu, kamar igiya a dami. Ɗalibin da aka koya wa maɗauri zai zaci an naɗe fallen ne da zare. Gam kuwa fuska biyu yake mannewa, takarda da bango, ba ya ratsa cikin gari ya riƙe kowace ƙwaya. Mahaɗi ya fi kusa, sai dai an riga an yi masa aure har biyu, a nahawu da kuma a kicin, kuma ba ya nuna riƙo. Ƙaro yana da jan hankali saboda misalin tawada, amma suna ne na abu guda takamaimai, kuma kamar yadda za a gani shi ma ya shiga jerin abubuwan da ake gwadawa, saboda haka in aka ba jinsin duka sunansa za a rasa yadda za a bambance shi da 'yan'uwansa. Ga kuma matsalar lanƙwasa: a wayoyin da ba su da ƙ, ƙaron batir zai koma karon batir, mai karatu ya zaci gwabzawa aka yi.

Danƙo ya fi su duka dacewa. Yana ɗauke da ma'anar yauƙin da ke kama abu daga ciki, kamar danƙon tuwo ko na laka. Yana ɗauke da ma'anar miƙewa da komawa, kamar danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi, wanda kuma ita ce siffar da silikon ke nema. Kuma Hausa ta riga ta faɗaɗa shi zuwa abin da ido ba ya gani, tunda ana cewa danƙon zumunci, wato abin da ke riƙe mutane da yawa ba tare da an ɗaure kowa ba. Kalmar da ta riga ta yi irin wannan tafiya ba za ta yi gardamar ƙarin zango ɗaya ba. Haka jirgi ya taso daga kogi ya hau dogo, ya tashi sama.

Rabin sunan na biyu ya fi wuya, kuma a nan ne ake ganin amfanin kunnen ɗan harshe. Mai ɗaukar wuta ba zai yiwu ba, domin an ɗauke wuta na nufin duhu. Mai kama wuta gobara ce, kalmar da babu mai son jin ta kusa da batir. Mai jan wuta kuwa a bakin jama'a shi ne abin da ke cinye lantarki da yawa, kamar dutsen guga, ko kuma abin da ke fizgar mutum. Wuta ta yi wa Hausa hidima sosai tun zuwan lantarki, amma nauyin da ke kanta ya yi yawa, ba ta da sauran wurin ɗaukar ma'ana ta kimiyya. Abin da ya rage shi ne isarwa: danƙo mai isar da lantarki. Yana da ɗan tsawo, kuma mai yiwuwa baki ya gutsure shi nan gaba, amma babu inda zai ɓatar da ɗalibi.

Akwai wata kalmar da ke jiran hukunci a gefe. Kowa ya san batirin waya da ya kumbura har ya ɗaga murfi. Wannan kumburi iska ce da ta taru a ciki saboda lalacewar ruwan batir, sau da yawa don zafi ko yawan caji, kuma alamar haɗari ce. Ƙasar da zafinta ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba ta rasa irin wannan. Shi kuwa ƙaruwar girman silikon a lokacin caji ɗabi'arsa ce, ba ciwo ba ne. Idan aka kira su duka kumburi, an haɗa lafiya da cuta a kalma ɗaya. Gara a bar kumburi ga na farko, tunda a Hausa dama kalmar ciwo ce, a ce buɗewa da tsukewa ga na biyu, kamar waken da aka jiƙa. Irin wannan rarrabewa ba ta fitowa daga ƙamus, sai daga wanda ya zauna da masanin sinadarai ya fahimci abin da ke faruwa.

Za a iya cewa duk wannan wahalar banza ce, tunda jama'a sun ƙi na'ura mai ƙwaƙwalwa sun kama kwamfuta. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ita ce dalilin da ya sa ba a taɓa lithiyam da silikon da folima ba a nan, an bar su da kwaskwarimar da harshe ya yi musu. Sunan abu baƙo yakan zo tare da abin, ba a cika yin nasara a kansa ba. Amma tauraron ɗan'adam ya zauna, ƙanjamau ya zauna, domin sun bayyana wani abu da kalmar aro ba ta bayyana ba. Danƙo yana cikin wannan rukuni na biyu: aiki yake suna, kuma babu kalmar aro da ta riga shi isa kasuwa. Filin a buɗe yake. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya yi wa nahawu da adabi wannan gata, shi ya sa yau ake rubuta kundin digiri na uku kan tsarin sauti da Hausa tsantsa. Kimiyya ba ta sami irinsa da wannan zurfi ba, ko da yake tun zamanin littafin Ikon Allah na Rupert East da Abubakar Imam aka nuna harshen zai iya.

Sai a koma kan ƙaro, domin labarinsa bai tsaya a misali ba. Yayin da wasu ke ƙera folima mai isar da lantarki, wasu sun juya ga danƙon da tsirrai ke bayarwa, mai narkewa a ruwa, marar guba. A 2011 mujallar Science ta buga binciken masana daga Georgia Tech da Clemson kan wani danƙo da ake samu daga ciyawar teku. A 2015 kuma mujallar Nano Energy ta buga aikin wasu masana, ciki har da na Jami'ar Griffith ta Ostareliya da shi Gao Liu, waɗanda suka gwada ƙaro a matsayin danƙon silikon suka ga yana riƙo. A shekarar ce aka buga wani aikin da ya gwada shi a batirin lithiyam da farar wuta. Ƙaron nan shi ne na dakwara, wanda ake tsaga ɓawon itacen da rani a tsince shi a arewacin Jigawa da Yobe da Borno, wanda masu wankin hula ke sa wa hula ta tsaya, wanda kuma Cibiyar Binciken Roba ta Nijeriya ta buɗe wa reshe a Gashuwa, can gaba a kan wannan kwari.

A nan akwai buƙatar taka-tsantsan, domin irin wannan labari yana saurin zama taken jarida. Ƙaro ba ya isar da lantarki. Yana magance matsalar riƙo da ta guba, amma yana buƙatar garin kabon kamar tsohon tsari, sai fa in an gauraya shi da folima mai isarwa. Gwaji a ɗakin bincike kuma ba ciniki ba ne. Batir yana son sinadari mai hali ɗaya kullum, ƙaro kuwa yana sauyawa daga itace zuwa itace, daga shekara zuwa shekara. Ko an karɓe shi ma, ɗan abin da ake sawa bai kai ya girgiza kasuwar da masana'antun lemo da alewa ke riƙe da ita ba. Wanda ya ce wa mai tsintar ƙaro arziki na tafe daga batir ya yi masa alkawarin da ba shi da ikon cikawa. Amma ana iya faɗa masa gaskiyar abin da ake yi da kayansa, da harshen da yake ji, kuma a halin yanzu ko wannan bai samu ba. Haka nan aka buɗe masana'antar sarrafa dutsen lithiyam a Jihar Nasarawa a 2024, masu haƙar dutsen da yawansu da Hausa suke ciniki, ba su da bayanin inda yake zuwa.

Auyo wuri ne da ya kamata wannan magana ta yi wa masana harshe nauyi. Garin yana da harshensa a da, Auyakanci, ɗan'uwan harsunan Shira da Teshena, daga dangin Bade da Ngizim, kamar yadda Russell Schuh ya nuna daga 'yan kalmomin da aka tsira da su a rubuce. Ba a san wata doka da ta hana shi ba. Abin da aka sani game da mutuwar harsuna shi ne sukan janye ne fage bayan fage, kasuwa ta tafi, fada ta tafi, makaranta ta tafi, har a wayi gari sai tsofaffi a cikin gida. Hausa ce ta ci wancan gado. Ba ta cikin haɗarin ɓacewa, masu magana da ita miliyoyi ne kuma ƙaruwa suke yi, amma harshe na iya yawan baki ya kuma rasa fage, ya zama na gaisuwa da waƙa da wa'azi, in an zo bayanin yadda abu ke aiki a sauya zuwa wani.

Aikin bai fi ƙarfin sashe ɗaya na jami'a ba. Jami'ar Sule Lamiɗo tana Kafin Hausa, maƙwabciyar Auyo, akwai Jami'ar Tarayya a Dutse, akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Binyaminu Usman a Haɗeja. Abin da ake bukata shi ne malamin sinadarai da malamin Hausa su zauna a tebur ɗaya da mataccen batir a gabansu, a kira mai gyaran sola daga kasuwa da alaramma mai dafa tawada, a bi sassan ɗaya bayan ɗaya: falle, gari, danƙo, ruwan batir, shamakin da ke raba fallayen biyu. Kowace kalma a gwada ta a kan mai gyaran kafin a rubuta ta. Wadda ya maimaita washegari ba tare da an tuna masa ba, ita za a shigar. Wadda ya yi wa dariya a mayar da ita tebur. Kalmomi talatin ko arba'in sun isa a rubuta takarda mai shafi biyu da za ta gaya wa mai rumfar caji a Auyo dalilin da ya sa ba a barin batir a rana, da abin da kumburinsa ke nufi, da kuma dalilin da ya sa ba a jefa matacce a juji a garin da ambaliya ke shiga ta kwashe komai zuwa fadamun Haɗeja da Nguru.